Gwarzo da Kabo: Wa Ya Kamata Ya Ga Inda Ɗan Ƙungiya Ya Shiga a Intanet?

Duk shekara idan hukumar JAMB ta buɗe rajista, aiki iri ɗaya ake maimaitawa a ɗaruruwan wayoyi tsakanin Garo da Getso. Yaron da ya gama sakandare a Kutama yana neman ranar da za a rufe rajista, takwaransa na Godiya shi ma ita yake nema. Yarinya a cikin garin Gwarzo ta ari wayar yayanta tana lalube ko wace cibiya aka amince a yi rajista a cikinta, ko kuma darussan da ta zaɓa sun dace da karatun da take so. Kowannensu ya sayi data da kuɗinsa, kowannensu ya faɗa shafukan talla masu ɗauke da labarin bara, kowannensu ya kashe rabin yini kafin ya kai ga amsar da wani ɗan ajinsu ya samu tun jiya. Kuma sau da yawa duk suna cikin zaure ɗaya na WhatsApp.

A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Gwarzo tana da mutum sama da 180,000, Kabo kuma sama da 150,000, yau kuwa sun wuce haka nesa ba kusa ba. Jama'a ce da ta saba da ƙungiya tun kafin waya ta zo. Akwai ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da na manoma, da 'yan adashe, da kwamitin masallaci, da 'yan kasuwar hatsi da na dabbobi, da ɗalibai 'yan asalin gari da ke karatu a Jami'ar Bayero ko Wudil ko Zariya. Da wuya a sami wadda ba ta buɗe zaure a waya ba. Amma abin da ke yawo a waɗannan zaurukan galibi ƙarshen bincike ne: hoton fuskar waya, ko saƙon da wani ya turo daga wani wuri, ko sanarwa da aka kwafo ba kai ba gindi. Hanyar da aka bi aka samo labarin ba ta biyo shi. Wanda ya karanta ba shi da damar komawa tushe ya duba, sai dai ya yarda ko ya ƙi.

Masana kwamfuta sun daɗe suna juya wannan matsala. Tambayarsu ita ce, idan mutane na aiki ɗaya, me zai hana kowa ya ga shafukan da ɗan uwansa ya buɗe, da kalmomin da ya nema, da inda ya sami amsa da inda ya ci tura? A watan Yulin 1945 injiniyan Amurka Vannevar Bush ya wallafa maƙala a mujallar The Atlantic, inda ya yi hasashen wata na'ura da ya kira Memex. Na'urar za ta adana takardu, amma babban amfaninta a ganinsa shi ne mai bincike zai iya ɗaure wannan takarda da waccan har su zama sawu, sannan ya kwafi sawun ya miƙa wa abokinsa ya bi. Intanet ta zo ta cika rabin wannan hasashe, domin shafi yana kai mutum wani shafin. Ɗaya rabin, wato miƙa wa wani sawun da ka bi, shi ne har yanzu yake tafiyar hawainiya.

An yi ƙoƙari iri-iri. A 2003 Joshua Schachter ya buɗe del.icio.us, inda mutane ke ajiye adireshin shafukan da suka ga amfaninsu a fili, kowa ya gani, kuma kamfanin Yahoo ya saye shi a 2005. A 2007 Meredith Ringel Morris da Eric Horvitz na sashen binciken Microsoft suka fito da SearchTogether, manhajar da ke nuna wa 'yan rukuni abin da kowa ya nema, da shafin da ya buɗe, da ko ya yaba ko ya kushe, har ta iya raba musu sakamakon bincike don kada biyu su yi aiki ɗaya. Shekara guda bayan haka, Saleema Amershi da ita Morris suka gwada CoSearch, wadda aka yi domin mutanen da suka taru a kan kwamfuta ɗaya: ɗaya na riƙe da madannai, sauran na amfani da wayoyinsu suna jera shafukan da suke so a duba. Duk wanda ya taɓa shiga shagon intanet a Gwarzo ranar da NECO ta saki sakamako ya san wannan zama. Mutum shida a bayan kujera ɗaya, kowa na nuna allo da yatsa, mai shago shi kaɗai ke da iko da abin da za a buɗe.

Daga baya manyan kamfanoni suka shigo. A 2022 Apple ya saka wa Safari damar rukuni su buɗe jerin shafuka tare, har kowa na ganin shafin da ɗan uwansa ke kai a daidai lokacin, Microsoft ma ya yi makamancin haka a Edge. Sai dai wayar da ke hannun mutumin Durun ko Lakwaya Tecno ce ko Itel ko Infinix, yana shiga intanet da Chrome ko Opera Mini ko Phoenix, kuma sau da yawa ma'ajiyarta ta cika. Kayan aikin haɗin gwiwar da ya sani shi ne WhatsApp, sai Xender idan ana zaune wuri ɗaya. Saboda haka maganar raba sawun bincike a yammacin Kano magana ce ta ɗabi'a da tsarin ƙungiya, tun kafin ta zama maganar manhaja.

Amfanin kuwa a fili yake, kuma ya fi girma a ƙauye bisa birni. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100. Ga wanda ke sayen data ta yini ɗaya, kuma yake biyan mai caji kafin wayar ta tashi, kowane shafi da ya buɗe a banza asara ce da ake ji a aljihu. Idan ƙungiya mai mutum arba'in ta bar kowa ya yi bincikensa a ɓoye, kuɗin abu ɗaya ta biya sau arba'in. Sannan ga harshe. Yawancin shafukan hukuma da Turanci suke, Turancin ma na ofis. A kowace ƙungiya akwai mutum biyu ko uku da ke iya karanta irin wannan rubutu su gane abin da ake nufi, kuma su ne ya kamata sawunsu ya isa ga sauran, tare da saƙon murya da Hausa mai bayanin abin da suka gani.

Akwai wani amfani da ba a cika lura da shi ba, wato sanin inda aka je aka dawo hannu rabbana. Mutum yakan turo abin da ya samu, amma ba ya faɗin shafuka biyar da ya buɗe kafin nan, waɗanda biyu na bogi ne, ɗaya tsohon labari, ɗaya kuma ya nemi lambar katin banki. Wannan ilimi ne mai tsada, domin shi ke hana na baya faɗawa ramin da na gaba ya tsallake. Lokacin da asusun NELFUND ya buɗe shafin neman bashin karatu a watan Mayun 2024, da lokacin da ake ɗaukar ma'aikata a rundunar 'yan sanda ko hukumar kwastan, adireshin ƙarya kan riga na gaskiya isa zauruka, kuma kamanninsu ɗaya a idon wanda bai saba ba. Jimla guda daga ɗan ƙungiya cewa ya buɗe wancan shafi, ba na hukuma ba ne, kada kowa ya sa lambarsa, ta fi dogon wa'azi kan damfara amfani.

Rushewar kamfanin zuba jari na CBEX a watan Afrilun 2025 darasi ce a nan. Ta zaurukan WhatsApp da Telegram aka yi ta jan mutane, kuma hujjar da ake nuna musu hoton fuskar waya ce mai nuna riba ta shigo. Hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari ta ce kamfanin ba shi da rajista a wurinta, alhali jerin waɗanda ta yi wa rajista yana shafinta, kowa na iya dubawa. Da al'adar zaure ita ce duk wanda ya kawo labarin kuɗi sai ya kawo adireshin inda ya duba, da wasu sun tsira da jarinsu. Haka aka yi da takwaransa MMM a ƙarshen 2016, kuma shekara takwas ba ta isa a sauya hali ba. WhatsApp kansa ya yi nasa: tun 2018 yake sa alama a kan saƙon da aka turo, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma saƙon da ya sha yawo sai wuri ɗaya. Amma alamar tana cewa ne an turo, ba ta faɗin daga ina.

Manoma ma suna da nasu rabon. Kowace shekara hukumar NiMet na fitar da hasashen damina tun kafin ruwa ya sauka, da lokacin faɗuwarsa da tsawonsa da inda ake tsoron tsaikon ruwa. Hasashen na nan a intanet, amma manomin dawa a Madadi bai cika ganinsa ba sai abin da ya tsinta a rediyo. Masu noman rani a bakin madatsar Guzuguzu, da maƙwabtansu na Karaye da ke cin albarkar madatsar Challawa, suna tuna 2016, shekarar da tsutsar tumatir da manoman Kano ke kira sharon ta cinye gonaki har kwando ya gagari talaka. A irin wannan lokaci ɗan manomi ne ke ɗaukar waya ya nemi sunan magani. Idan ya turo wa ƙungiya suna kawai, babu mai sanin ko daga shafin mai sayarwa ya samo, ko daga cibiyar bincike, ko maganin ma yana da rajistar NAFDAC. Idan ya turo da inda ya gani, malamin gona ko wani mai karatu zai iya dubawa kafin a zuba kuɗi da guba a gona.

To tunda amfanin ya kai haka, me zai hana ƙungiya ta saka wata manhaja da za ta riƙa nuna wa kowa duk inda kowa ya shiga, a huta da jiran sai mutum ya ga dama? A nan ne ya kamata a ja birki sosai, domin wannan shawara, duk da kyawunta a baki, ita ce hanya mafi sauri ta kashe ƙungiyar.

Tarihin binciken mutum ya fi wasiƙarsa tona shi. A watan Agustan 2006 kamfanin AOL ya saki kimanin bincike miliyan 20 na mutum wajen 650,000 domin masu nazari su amfana, bayan ya cire sunaye ya sa lambobi a madadinsu. Cikin 'yan kwanaki 'yan jaridar New York Times suka gano wata dattijuwa a jihar Jojiya daga abubuwan da ta nema kawai: sunayen dangi, unguwarta, cututtukan da ta bincika. A ƙarshen 2007 Facebook ya fito da Beacon, wanda ke sanar da abokan mutum abin da ya saya a wasu shafuka. Jama'a suka yi ca, Mark Zuckerberg ya ba da haƙuri, aka kai ƙara kotu, aka rufe shi a 2009. A 2020 masu bincike na Mozilla suka nazarci tarihin shiga intanet na mutum wajen 52,000 da suka amince, suka iske kusan kashi 99 cikin 100 babu wanda nasa ya yi daidai da na wani. Cire suna ba ya ɓoye mutum ko a cikin dubbai, balle a zauren mutum talatin da suka tashi unguwa ɗaya.

A yi tunanin abin da ke cikin wayar mutumin kirki a Gwarzo, wanda bai aikata laifin komai ba. Matar aure ta nemi bayani kan wani ciwo da take jin nauyin faɗa wa ko da mahaifiyarta, ko kan tazarar haihuwa. Saurayi ya nemi yadda ake rabuwa da kodin, ba tare da gidansu sun san ya taɓa sha ba. Ɗan kasuwar da ake ganin yana da rufin asiri ya kwana yana neman inda zai ci bashi. Malamin makarantar kuɗi yana duba gurbin aiki a wata makarantar. Wani ya saurari karatun malamin da ba na ɓangaren mahaifinsa ba, wani kuma yana bin shafin jam'iyyar da ubangidansa ke gaba da ita, a jihar da siyasa ke raba wa da ƙani. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya shafi aikin ƙungiyar manoma ko ta tsofaffin ɗalibai, amma kowanne ya isa ya kashe aure, ko ya ɓata neman aure, ko ya raba mutum da abincinsa. Kuma illar ba ta tsaya kan wanda aka tona ba. Da zarar mutane sun san ana gani, sai su daina nema. Matar ta haƙura da ciwonta, saurayin ya ci gaba da sha.

Masu irin wannan manhaja sukan ce ai da yardar mutum ake yi. A takarda haka ne. Amma a garin da kowa ya san kowa, cewa a'a tana da tsada. Idan shugaban ƙungiya, wanda wataƙila kawun mutum ne ko malaminsa ko mai gidan da yake haya, ya ce kowa ya saka, wanda ya ƙi ya riga ya amsa laifin da ba a tuhume shi da shi ba. Za a ce me yake ɓoyewa. Nauyin kuma ba a kan kowa yake faɗawa daidai ba. Babba ba ya miƙa wa yaro wayarsa ya duba, kuma a gidaje da yawa miji na duba wayar matarsa, ita ba ta isa ta taɓa tasa ba. Duk tsarin da ya ce kowa ya ga na kowa, a aikace na sama ne zai ga na ƙasa. Mata da 'yan mata, waɗanda da ma da ƙyar wasunsu suka sami izinin riƙe waya, su ne za su fara rasa ta.

'Yan Najeriya sun riga sun ɗanɗana irin wannan. Manhajojin ba da bashi da suka yi ta kwashe lambobin da ke cikin wayar mai cin bashi, suna aika wa surukai da abokan aiki saƙon cin mutunci, da yardar mai wayar suka shiga, domin shi ya danna amincewa lokacin da yake cikin matsi. Sai da hukumar FCCPC ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a watan Maris na 2022 kafin abin ya fara lafawa. Doka ma ta yi magana. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, ta ce amincewa sai ta zama ta son rai kuma mutum na iya janye ta, sannan ta ware lafiyar mutum da addininsa da ra'ayinsa na siyasa a matsayin bayanan da ke buƙatar kariya ta musamman. Mutumin Kabo bai ma buƙatar lauya ya gaya masa wannan, domin tun yana Islamiyya ya karanta cewa aya ta 12 a Suratul Hujurat ta haɗa bin diddigin asirin mutane da mummunan zato da giba a hani guda.

Gayya ta riga ta nuna iyakar da ake nema. Ranar gayya kowa na fitowa da fartanyarsa, kowa na ganin kunyar da ɗan uwansa ya nome da wadda ya bari, wanda ya gama ya taya na kusa da shi. Idan rana ta yi aka watse, babu mai bin wani gida ya leƙa rumbunsa. Gona ɗaya aka taru a kai, yini ɗaya, kuma abin da aka gani na aikin ne.

Kano tana da misalin zamani na wannan iyaka, daga yaƙin da aka yi da cutar shan inna. Wajen 2012 zuwa 2013 aka fara ba tawagogin rigakafi a jihohin Arewa, har da Kano, wayoyi masu nuna inda mutum ya taka. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofis a birnin Kano, tana cikin waɗanda suka gudanar da aikin. Ana ɗora sawun tawagogi a kan taswira, sai a ga rugar da ba a shiga ba da unguwar da aka tsallake, a tura mutane su koma kafin zagayen ya ƙare. Babu musu akwai sa ido a ciki. Amma wayar ta aiki ce, ana karɓa da safe a mayar da yamma, a kwanakin rigakafi kawai, kuma tambayar da take amsawa ɗaya ce: wane yaro ne ba a kai gare shi ba? Ba ta bin ma'aikaciya gidan biki ko asibiti. A watan Agustan 2020 aka tabbatar da nahiyar Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji, kuma cike irin waɗannan giɓi na cikin abin da ya kai ga haka. A jami'ar MIT ta Amurka ma, masu manhajar Eyebrowse, cikinsu har da Amy Zhang da David Karger, a kan wannan ƙa'ida suka tsaya: mutum ne ke zaɓar shafukan da ya yarda a ga ya shiga, duk abin da bai zaɓa ba ya zauna a wayarsa.

Abin da ƙungiyoyin Gwarzo da Kabo za su iya yi ba ya jiran kamfani ko gwamnati. Sakataren ƙungiya na iya raba tambayoyi tun farko, wane ya duba ranar rufewa, wance ta duba takardun da ake buƙata, wani ya duba kuɗi, kowa ya dawo da adireshin shafin da ya buɗe da ranar da ya buɗe shi. Zaure na iya sa doka cewa hoton fuskar waya ba ya shiga sai da adireshinsa, kuma a koya wa kowa duba wutsiyar adireshi, tunda shafukan gwamnati da gov.ng suke ƙarewa, na manyan makarantu kuma galibi da edu.ng. Abin da aka tabbatar a liƙa shi a saman zaure, tunda WhatsApp ya ba da damar haka har tsawon kwana 30, don kada gaisuwar Juma'a da hotunan biki su binne shi. Wanda ya tura labarin da ya zama ƙarya a gyara masa cikin mutunci, domin idan aka kunyata shi a gaban jama'a, gobe ba shi kaɗai zai yi shiru ba.

Masu shagon intanet suna da matsayi na musamman a wannan lamari, kuma ba a cika ba su haƙƙinsu ba. Su ne suka fi kowa sanin shafin da ke aiki da wanda ya tsaya, da sa'ar da cunkoso ke raguwa, domin tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, ta kuma wajabta lambar NIN a 2021, rayuwar ɗalibi ta rataya a kan irin wannan sani. Ƙungiyar da ta jawo mai shago cikin zaurenta ta sami ido mai kyau. Amma kwamfutarsa ita ce wurin da sawun mutane ya fi zubewa ba da saninsu ba. Wanda ya zauna bayan wani yakan tarar da akwatin saƙonsa a buɗe, da sunan shafukan da ya shiga, wani lokaci har da kalmar sirrinsa a ajiye. Mai shagon da ke fitar da kowane abokin ciniki daga asusunsa, ya goge tarihin kafin na gaba ya zauna, kuma ya ƙi amfani da lambar wayarsa ko adireshinsa wajen yi wa ɗalibi rajista, ya cancanci a san shi a kuma fifita shagonsa. Kalmar sirri da lambar BVN da lambar da banki ke turowa kuwa ba kayan haɗin gwiwa ba ne, ko da zauren na 'yan uwa ne ciki ɗaya.

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da kafa kwalejin fasaha a Kabo, kuma hanyar Gwarzo da kanta ta gaban sabon matsugunin Jami'ar Bayero take wucewa. Matasan da ke koyon rubuta manhaja a waɗannan wurare suna da aiki a ƙofar gida wanda babu kamfanin Amurka da zai yi musu. Ana buƙatar ƙaramin abu mai magana da Hausa, mara cin data, mai tafiya a kan Itel, wanda zai bar ɗan ƙungiya ya danna sau ɗaya ya ajiye shafi a ma'ajiyar rukuni tare da muryarsa yana cewa na gaskiya ne ko na bogi. Sharaɗin shi ne ya zo a kashe, sai mai waya ya kunna, ya nuna a fili duk lokacin da yake aiki, kuma kada shugaban rukuni ya sami ikon ganin abin da sauran ba sa gani. Duk wanda ya gina shi da akasin haka, komai kyawun niyyarsa, ya ƙera wa masu iko kayan leƙen asiri ne da sunan taimakon juna.

Saura batun ƙarewa, wanda kusan kowace ƙungiya ke mantawa. Ana buɗe zaure domin aiki ɗaya, aikin ya wuce, zauren ya zauna shekaru da hotunan katin shaida da takardun makaranta da lambobin mutane a cikinsa, har da waɗanda suka fita ko suka ɓata da shugabanni. Wayar ɗaya daga ciki ta ɓace a kasuwar Getso, ko a kai ta gyara Farm Centre, duk wannan ya koma hannun baƙo. WhatsApp na da tsarin da saƙo ke gogewa da kansa bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90. Zauren da aka buɗe domin neman bashin karatu ko sayen taki na kaka ɗaya zai iya kunna na kwana 90 tun ranar farko, sakatare ya kwafe adireshin shafukan da aka tabbatar ya ajiye domin baɗi, sauran kuma a bar su su goge.